Gorar da Baba Ya Riƙe

Duk sanda aka zauna hira aka fara yabon shekarun kuɗin mai, ni tashi nake yi. Wai lokacin ne ƙasa ta yi daɗi, wai kowa ya ci. Ba kowa ba ne, ina nan aka yi. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma ban kai ƙarshenta ba, saboda haka kada wani ya jira manyan kalmomi daga wajena. Abin da zan faɗa labarin wani tsohon fim ne na ban dariya na Turawan Ingila, mai hoto baƙi da fari, da wata gora da mahaifina ya riƙe a Sheme.

Baba ba ɗan gari ba ne. A wata unguwa cikin dajin Sabuwa aka haife shi, cikin Maguzawa, ya tashi yana noma da duk abin da ake yi a gidansu. Sai da furfura ta fara fito masa a gemu ya musulunta, kuma ba wanda ya tilasta shi. Danginsa ba su kore shi ba, amma zama ya yi nauyi, sai ya kwaso mu, ni da Inna da ƙannena, muka dawo Sheme bakin hanya, don ya zauna kusa da masallaci. Dogo ne ƙwarai, siriri, ƙafarsa ta hagu tana ɗan ja tun wani sa da ya taɓa take shi. Idan ya yi dariya ana ji daga gona uku.

Mutanen gari sun karɓe shi irin karɓarsu. Suna amsa sallamarsa. A masallaci ba wanda ya taɓa ce masa ya koma baya, amma ko ya riga kowa zuwa, sai ka ga sahu ya shirya kansa ya bar shi a gefen ƙarshe. A bayan idonsa tubabbe suke ce masa, wani lokaci ma a gaban idonsa. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba. So yake a ce ga tabarma, ya zauna cikin maza, a yi hira da shi a ciki.

Akwai wani Alhaji a garin, da can auduga yake saye. Da kuɗi suka zo sai ya zama ɗan kwangila, yana yin kwalbati a hanyoyin da ke tsakanin Faskari da Ƙanƙara. Ya sayi tifa, ya yi ɗakin baƙi na bulo da rufin kwano. Baba yana cikin leburorinsa, shi ke kwaɓa siminti. Wata rana tifar ta dawo daga Kaduna da kwali a gaba, an ɗaure shi da zani kamar jinjiri. Talabijin ce, mai ƙafa huɗu da ƙofa biyu ta katako da ake ja a rufe fuskarta.

Ba wuta a garin, sai a ciro batirin tifa a haɗa. Wannan ba wuya. Wuyar ita ce eriya. Hoton daga Kaduna yake zuwa, kuma mu muna nesa, sai an ɗaga ƙarfen nan sama sosai. Aka rasa abin da zai kai. Baba ne ya ce ya san inda gora take mai tsawo a dajinsu. Ya tafi da ƙafa, ya saro ta, ya ɗauko ta a kafaɗa har Sheme. Na tuna yadda ya shigo gari da ita, kanta na gaba ya wuce rumfar mai nama, na baya yana can wajen rijiya, yara suna bin sa. Ranar fuskarsa kamar ango.

Aka kafa bututun ƙarfe a bayan ɗakin baƙi, aka ɗaura eriya a kan gorar, aka zura gindinta a bututun. To bututun ya fi ta faɗi. Iska kaɗan sai ta juya, hoto ya watse ya koma kamar an zuba gero a faranti, sai shuuu kawai kake ji. Alhaji ya leƙo ta taga ya ce, “Mutumina, ɗan riƙe mana ita mu gani.” Baba ya riƙe. Hoto ya fito, ɗaki ya ɗauki salati. Daga wannan ɗan riƙewar ba a sake ce masa ya saki ba.

Ya kamata in bayyana yadda wurin yake. Tagar ƙarama ce, kuma a sama take. Wanda ke tsaye a gindin gora ba abin da yake gani sai silin da wani haske mai rawa a jikinsa. Ji kawai yake yi. Ni kuwa, da yake ina zuwa makaranta kuma ɗansa ne, aka ba ni wuri a ciki, kan wani buhu a ƙarƙashin tagar. Aikina idan hoto ya lalace in ɗaga murya: “Baba, dama kaɗan. Ya yi yawa. Koma. Tsaya haka.” Ni a ciki, ubana a waje. Aka ce mini ai sa’a na yi.

Tashar ba ta buɗewa sai bayan la’asar. Ana idar da salla za ka ga dattawa suna sauri ba tare da sun nuna sauri suke ba. Mun ga mai karanta labarai da babbar riga, wani tsoho ya rantse shi yake kallo, ya gyara hularsa. Mun ga kokawar Turawa, ƙatti da ɗan kamfai, aka yi ta a’uziyya ba wanda ya tashi. Mun ga makaɗa, mun ga tallar sabulu. Duk wannan Baba yana waje, rana tana dukan ƙeyarsa, masu wucewa zuwa kasuwar Yankara suna ganin dattijo rungume da gora kamar an ba shi horo.

Sai fim ɗin. Ran Lahadi ake sa shi, kuma sun maimaita shi har ka ce shi kaɗai gare su. Ban san sunansa ba, ba na kuma son sani. Wani Bature ne dogo siriri, hannun kwat ɗinsa bai kai wuyan hannu ba, an ɗauke shi aikin gyaran wani abu a saman wani babban gida ranar da ake walima a farfajiya. Yana ɗauke da tsani a kafaɗa. Duk wanda ya kira shi sai ya juya don ya amsa, tsanin ya kwashe wani a baya. Ya juya ya ba wannan haƙuri, ya kwashe na gaba. Mata da manyan huluna suna faɗawa cikin ruwa, wani mai tumbi ya kifa fuska a abinci. Ba ma jin Turancinsu, ko hedimastanmu da ya zo sau ɗaya gyaɗa kai kawai ya yi, amma faɗuwa ba ta buƙatar tafinta.

Ranar farko dariya ce ta Allah da Annabi, ni ma na yi har cikina ya ƙulle. A maimaici na biyu ne direban tifar Alhaji, wani gajere mai bakin tsiya, ya nuna gilashin da yatsa.

“Ku tsaya, jama’a. Wanga ba tubabbe ba ne? Ku dubi ƙahwar! Wallahi ranar da ya shigo da gora haka ya yi.”

Ɗaki ya fashe. Alhaji ya kwanta a kan kilishi yana buga ƙasa, yana cewa, “Kai, ka ji tsoron Allah,” yana kuma share hawaye. Daga nan abin ya zama wasa. Da an zo wajen da Baturen zai juya, sai direba ya ɗaga kai wajen taga ya ƙwala, “Juya!” Baba a waje, da yake amana aka ba shi, sai ya juya gorar. Hoto ya watse. A yi ta birgima. Sannan a dube ni a ce, “Yaro, gaya wa tsohonka ya maido.” In miƙe in ce, “Baba, koma yadda kake.” Ya ce, “To, to, ya yi?” In ce ya yi.

Abin bai tsaya a ɗaki ba. Yara suka fara saɓa kara a kafaɗa suna jan ƙafa, ɗaya ya kira, mai karan ya juya, sauran su zube. Idan Baba ya zo wucewa sai su ƙara himma. Shi kuwa tsayawa yake ya yi musu dariya, ya ce yaran garin nan akwai wasa. Na fasa wa ɗaya baki a kan haka, aka zane ni a makaranta, ban gaya wa kowa dalili ba.

A gida kullum bayan an ci tuwo sai ya sa ni gaba. “Yau mi aka nuna?” In ba shi labarin mai labarai, in ba shi na kokawa, har in tashi in gwada masa yadda ake ɗaga ƙato a maka da ƙasa. Ran Lahadi kuwa sai ya ce, “Wanga na yau, da aka yi ta dariya, shi nika son ji.” In ce wasu Turawa ne suke faɗuwa. Ya ce, “Faɗuwa kawai? Har Alhaji yana tari?” In ce faɗuwa ce mai yawa.

Inna ba ta son zancen. Ta ce masa, “Kai ka saro gora, kai ka ɗauko, kai ka riƙe, wasu na kallo. A gidan ubanka ko jaki aka ɗora wa kaya ana sauke mishi.” Ya ce mata ba ta gane ba. Duk garin ba wanda ya iya saita ta sai shi, Alhaji da bakinsa ya faɗa. Mutum ba ya shiga cikin jama’a da ƙarfi, sai a hankali.

Ya taɓa roƙa. Ina wurin. Ya durƙusa ya ce, “Alhaji, ranka ya daɗe, ko wata rana a samu wani ya karɓe ni, in ga abin nan da idona.” Alhaji ya ce, “Af, ai dole. Gobe in Allah ya kai mu.” Goben ta zo ta wuce, damina ta sauka, Baba yana riƙe da gora da buhu a ka.

Wata Asabar da yamma, ana girbin gero, ya kira ni bayan ɗakin baƙin tun ba a buɗe tasha ba. Ya kama hannayena ya ɗora a jikin gorar, inda gumin tafinsa ya riga ya sa ta yi baƙi tana sheƙi.

“Ka ga bakin dutsen can, inda ya tsage? Hancin ƙarfen shi za ya duba. In iska ta taso daga gabas ka sa kahwaɗa, kada ka yi kokawa da ita. Gobe kai za ka riƙe. Na gaya ma Alhaji, ya ce in dai hoto bai lalace ba, ba ruwanshi.”

Na ce, “Baba, ka bari sai Litinin. Ran Litinin ake kokawa, ta fi daɗi.”

“Na Lahadi nika so.”

“Ba wani abu ba ne, wallahi.”

Ya dube ni. “To in ba wani abu ba ne, mi za ya ci ni?”

Washegari ya wanke rigarsa fara, wadda ya musulunta da ita, ya shanya a kan dangar kara. Ya yi aski. Bayan la’asar ya raka ni gindin gora, ya duba saitin, sannan ya zagaya gaba. Na ji sallamarsa a bakin ƙofa, na ji Alhaji ya ce, “A’a, yau manya ne. Shigo, samu wuri.” Daga baya na ji cewa wurin da ya samu bakin ƙofa ne, kusa da takalma. Amma dai a ciki ne.

Na yi ta addu’a Allah ya sa su canza fim. Da kiɗan farko ya tashi na san ba a canza ba. Na haddace shi kamar karatun allo, daga sauti kaɗai na san inda ake: ga Baturen ya sauko daga keke, ga shi ya ɗauki tsani, ga mai gida zai kira shi. Kafin a kira shi na murɗe gorar gaba ɗaya, hancin ƙarfen ya dubi yamma.

Shuuu. Ɗaki ya ɗauki ihu. “Kai yaro! Dama! Hagu! Wane irin sakarai ne wannan?” Na yi kamar ina nema, ina ƙara ɓatar da ita. Na ce a raina gara a zage ni, gara a kira Baba ya karɓi gorarsa, mu koma yadda muke.

Ya kuwa fito. Na ga farar rigar ta zagayo kwana, yana jan ƙafa. Bai yi faɗa ba. Ya dubi eriya, ya dubi dutsen, ya dube ni. Ya san na iya, jiya ya gwada ni. Ya ɗora hannunsa a kan nawa ya maido ta daidai tsagar dutsen, a ciki aka ce, “Ya yi!”

Ya ce da ni a hankali, “Riƙe min da kyau. Ni na riƙe maka.”

Ya koma. Na riƙe. Ban taɓa riƙe wani abu a duniya da kyau irin na ranar ba.

Mutanen ɗakin da farko sun daure, ina jin yadda suke haɗiye dariya. Sai tsani ya kwashe mutum na farko, sai na ji ta Baba. Dariyar nan tasa ta gona, ta cika ɗaki ta fito ta taga ta same ni. Aka kwashe na biyu, ya ƙara, har yana cewa, “Kai! Kai! Bawan Allah, duba bayanka!” Na fara tunanin ko Allah zai rufa asiri a tashi lafiya.

Direban ne bai iya haƙuri ba. Da aka zo wajen da ya saba, ya ƙwala, “Juya!” Ni ban motsa ba, hoto bai watse ba. Amma ɗakin ya riga ya ɓalle. Wani ya ce, “Yau ga shi cikin talabijin, ga shi waje!” Wani ya ce, “Tubabbe, ka gane ɗan’uwanka?” Direba ya tashi, ina jin jan ƙafarsa a siminti, yana kwaikwayo. Alhaji yana tari yana cewa a bari, a bari.

Na kasa kunne ina neman murya ɗaya cikin muryoyin nan. Har fim ya ƙare ban sake jin ta ba. Bai kuma fito ba. Ya zauna ya kalli abinsa har rubutun ƙarshe.

Aka kira magariba. Ya yi salla a inda ya saba, gefen ƙarshe. Muka kama hanyar gida, yana gaba ina baya, sai da muka wuce rijiya ya yi magana.

“Tun yaushe?”

Na ce tun kafin damina.

Ya gyaɗa kai. Muka ƙara tafiya. Can ya ce, “Shi mutumin, aikinshi yake yi. An kira shi ya amsa. Su da ba su ɗauke da komi, mi ya hana su kaucewa?”

Na bi shi muka ƙarasa. A gida Inna ta dubi fuskarsa ba ta tambaya ba, ta ajiye masa tuwo. Ya cire rigar ya ninke ta da kansa.

Washegari bai je wajen kwalbati ba, ya ɗauki magirbi ya tafi gonar aro da muke nomawa. Da la’asar Alhaji ya aiko a kira shi, Baba ya ce a gaishe da Alhaji, a ce yana girbi. Aka aiko a kira ni, na ce ni ma ina girbi. Ranar sai wani lebura aka sa, ya riƙe rabin sa’a ya ce kafaɗarsa ta gaji, ya yar. Kashegari ma aka rasa mai yi.

Kwana kaɗan bayan haka na bi ta bayan ɗakin da safe, na tarar da direban da kwanon kwaɓa. Sun saita gorar da tsagar dutsen, sun cusa tsakuwa a bututun, sun zuba siminti. Abin da aka zuba bai kai wanda ke zubewa a ƙasa a wajen aikin kwalbati ɗaya ba. Kafin a sha koko an gama. Tun daga ranar hoto bai sake rawa ba. A gidan da buhunan siminti suke jibge har rufi, dabarar nan ba ta zo wa kowa ba tsawon damina guda, sai da dattijo ya ƙi zuwa.

Baba ya rayu shekaru bayan haka, ya rasu yana musulmi, ba salla ɗaya da na san ta wuce shi a jam’i. Yana gaisawa da Alhaji, yana gaisawa da direba. Amma bai sake neman tabarmar kowa ba, kuma dariyar nan ta gona ban sake jin ta da ƙarfinta ba. Ni ma a shekarar na bar makaranta na bi shi gona, ba wanda ya ce in bari.

Yanzu ina Ƙanƙara, ina facin taya. Hanyar Sabuwa ba ta biyuwa yadda ake so, unguwar da aka haifi Baba ma an ce ba kowa a cikinta. Kwanaki wani yaro a rumfar mai shayi ya miƙo mini waya, wai in ga wani tsohon fim na Turawa, in ji shi na zamaninmu ne, zan sha dariya. Na hango baƙi da fari, ban tsaya ganin ko shi ne ba. Na ce ya kawar mini da ita. Ya ce, “Baba, ai wasa ne kawai.” Na ce na sani, ina wurin aka yi shi.